KITSEN JINI MAI KYAU: BA YAWANSA BA, AIKINSA

A garuruwan ƙasar Kance, daga Matamai zuwa Dungu, daga Ɗan Barto zuwa Icirnawa, kowa ya taɓa jin irin wannan labari. A ce wane ya kwanta lafiya lau, da asuba an tashe shi bai tashi ba. A ce wane ya dawo daga gona, ya dafe ƙirji, ya faɗi. A ce wance tana cikin daka, sai hannu ɗaya da ƙafa ɗaya suka mutu, baki ya karkace. Wasu su ce iska ce. Wasu su ce jifa ne. Rai da ajali na Allah ne. Amma masu ilimin likita sun gano cewa sau da yawa abin yana farawa ne a cikin jijiyoyin jini, shekaru da yawa kafin ranar faɗuwa.

A da ana cewa ciwon zuciya na masu kuɗi ne da Nasara. Wannan magana ba ta tsaya ba. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ƙidaya cewa a shekarar 2019 ciwon zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a duniya. Cikin mutum 3 da suka rasu, kusan 1 ta wannan hanya ya tafi. Fiye da kashi 3 cikin 4 na waɗannan mamata ba a ƙasashen masu arziki suke ba. A Nijar ma, binciken da ma'aikatar kiwon lafiya ta yi a 2007 ya nuna cewa cikin manya 5, kimanin 1 yana da hawan jini, wanda ake ce wa tansiyo.

Idan mai gida ya faɗi ana tsakiyar damina, ba shi kaɗai ya faɗi ba. Gona ta faɗi, rumbu ya faɗi, kuɗin magani kuma ya ci bisashe. Don haka maganar ta shafi kowane gida.

Yanzu mutanen karkara suna zuwa awon jini a Damagaram, wasu har Kano. Sukan dawo da takarda mai ɗauke da wata kalma, kolesterol, da wasu baƙaƙe: LDL da HDL. Akan ce musu na farko mugu ne, na biyu mai kyau ne. Wanda ya ga mai kyaun nasa da yawa sai ya naɗe takarda, ya sa aljihu, hankalinsa ya kwanta. To, ko ya dace hankalinsa ya kwanta? Amsar da masana suka samu a shekarun baya-bayan nan ita ce: a dakata tukuna.

MENE NE KOLESTEROL?

Kolesterol wani irin maiƙo ne da ke cikin jinin kowane mutum. Jama'a suna ce masa kitsen jini. Ba cuta ba ne. Jiki yana bukatarsa. Da shi ake gina bangon ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama tsoka da fata da ƙwaƙwalwa. Da shi hanta ke yin ruwan ɗacin nan na matsarmama, wanda ke narkar da mai a cikin hanji. Mafi yawansa jiki ne ke yin abinsa, musamman hanta. Saura kuma yana shigowa ta abincin da ya fito daga dabba: nama, kitse, man shanu, ƙwai.

Kowace mace ta san mai ba ya gauraya da ruwa. Jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Saboda haka kolesterol ba ya iya tafiya cikin jini shi kaɗai. Sai an ɗora shi a kan abin ɗauka.

AMALANKE IRI BIYU A HANYA ƊAYA

A ɗauki jijiyar jini kamar hanyar da ta tashi daga gari ta bi gonaki. A kan wannan hanya akwai amalanke iri biyu.

Iri na farko shi ne LDL. Aikinsa shi ne ɗauko kolesterol daga hanta ya kai shi ko'ina cikin jiki. Idan ya yi yawa, kayan suna zuba a hanya. Suna shiga cikin bangon jijiya su maƙale. Shekara da shekaru abin yana taruwa, hanyar jini tana ƙanƙancewa, kamar yadda yashi ke cike magudanar ruwa a lambu. Wata rana tulin ya fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, zuciya ta ji rauni ko ta tsaya. In ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye.

Iri na biyu shi ne HDL. Shi mai kwasa ne. Yana bin jijiyoyi, yana ɗebe kolesterol ɗin da ya yi saura, har wanda ya maƙale a bango, ya mai da shi hanta. Hanta ta juya shi cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji, wani sashe ya fita da bayan gida. Kamar amalanken da ke kwashe juji daga ƙofar gida ya kai gona. Bayan wannan, HDL mai lafiya yana kare bangon jijiya daga kumburi, yana kuma taimaka mata ta saki jiki don jini ya wuce. Abin da ya sa aka ce masa mai kyau ke nan.

YADDA YA SAMI SUNA

A ƙasar Amurka akwai wani gari da ake kira Framingham. A shekarar 1948 likitoci suka ɗauki mutum dubu 5 da 209 na garin, suka riƙa auna su lokaci lokaci, suna rubuta wanda ya kamu da ciwo da wanda bai kamu ba. A 1977 suka ba da labarin abin da suka gani game da HDL. Masu HDL kaɗan sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Masu HDL da yawa ba su cika kamuwa ba. A wasu ƙasashe ma aka ga haka.

Daga nan sai tunani ya zo wa masana. Tun da masu yawan HDL sun fi tsira, me zai hana a yi ƙwayar da za ta ƙara shi a jinin kowa? Kamfanonin magani suka zuba kuɗi masu ɗimbin yawa a wannan aiki.

MAGANIN DA YA ƘARA LAMBA, BAI ƘARA KWANA BA

Kamfanin Pfizer ya yi wata ƙwaya mai suna torcetrapib. Aka gwada ta a kan mutum kimanin dubu 15. Rabi suka sha, rabi ba su sha ba. HDL na waɗanda suka sha ya ƙaru da fiye da kashi 70 cikin 100. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma da aka ƙirga mamata, sai aka tarar sun fi yawa a cikin masu shan ƙwayar. A watan Disamba na 2006 aka tsai da gwajin nan take. An kuma gano ƙwayar tana ɗaga tansiyo.

Wasu suka ce laifin ƙwayar ne kawai. Aka sake gwada wasu. A 2011 aka tsai da gwajin wani magani mai suna niacin, don ya ƙara HDL amma bai rage ciwon zuciya ba. A 2012 aka tsai da na wata ƙwaya mai suna dalcetrapib, ita ma saboda haka. A 2012 ɗin dai, wasu masana suka duba mutanen da suka gaji yawan HDL daga iyaye. Aka ga wannan gado bai kare su daga toshewar jijiyar zuciya ba.

Akwai kuma labarin wani ƙaramin gari na ƙasar Italiya, Limone, a bakin tafkin Garda. A 1980 likitocin birnin Milan suka ba da labarin wani dangi na garin. HDL ɗinsu kaɗan ne ƙwarai, wanda in an bi lissafi ya kamata jijiyoyinsu su toshe da wuri. Amma jijiyoyin lafiya lau. Da aka bincika garin, aka sami kimanin mutum 40 masu wannan gado. HDL ɗinsu wani iri ne na daban.

A ƙasar Danmak kuma, a 2017, aka fito da sakamakon bin mutum fiye da dubu 116. An ga masu HDL kaɗan suna mutuwa da wuri, kamar yadda aka zata. Abin mamaki, masu HDL da ya wuce kima su ma haka. Mazan da nasu ya kai ƙololuwa, mutuwarsu ta ninka ta masu matsakaici kimanin sau 2.

Wani bincike ya fi kusa da mutanen Afirka. A 2022 aka ba da sakamakon bin mutum kusan dubu 24 a Amurka, farare da baƙaƙe, kimanin shekara 10. Ga farar fata, ƙarancin HDL ya nuna hatsarin ciwon zuciya. Ga baƙar fata bai nuna ba. Yawansa kuma bai kare kowa ba, fari ko baƙi. LDL kuwa ya nuna hatsari ga kowa da kowa.

Duk waɗannan sun taru sun koya wa likitoci abu ɗaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

ƘIRGA KAYA DABAM, GANIN AIKI DABAM

Awon da ake yi a asibiti yana faɗin yawan kolesterol ɗin da ke ɗore a kan HDL a lokacin da aka ɗebi jini. Ba ya faɗin ko kayan suna isa hanta.

A ɗauki manoma biyu. Na farko yana da amalanke 10 a ƙofar gida, duk cike da taki. Amma ƙafafun sun sace, shanun ja ba su da lafiya. Na biyu yana da amalanke 3 kawai, amma kullum suna kai da komowa tsakanin gida da gona. Baƙon da ya zo ya ƙirga takin da ke kan amalanke zai ce na farko ya fi. Ranar girbi za a san gaskiya. Makiyayi ma ya san wannan. Yawan garke ba shi ne yawan nono ba.

Masana sun nemi hanyar auna aikin kansa. Sukan ɗauki jinin mutum, su ware ɓangaren da HDL ke ciki. Sai su zuba shi a kan wasu ƙwayoyin jiki da aka cika da kolesterol mai alama. Bayan ƴan awoyi su duba nawa ya iya kwasowa.

A birnin Dallas na Amurka an yi wannan awo ga mutum dubu 2 da 924 waɗanda ba su da ciwon zuciya. Kusan rabinsu baƙar fata ne. Aka bi su kimanin shekara 9. Aka raba su kashi 4 bisa ƙarfin kwasar HDL ɗinsu. A 2014 sakamako ya fito. Kashin da HDL ɗinsu ya fi iya kwasa, hatsarinsu ya yi ƙasa da na kashin da ya fi rauni da kashi 67 cikin 100. Yawan HDL kuwa, da aka yi lissafi da sauran dalilai, bai nuna komi ba.

Wannan awo na ɗakin bincike ne. Ba a yin sa a asibitin yau da kullum, ko a ƙasashen Turai. Ƙwayar da za ta gyara aikin HDL ta kuma rage mutuwa, ita ma ba ta samu ba. A 2024 an gama gwajin wani ruwan allura da ke ƙara ƙarfin kwasa, a kan mutum fiye da dubu 18 da suka yi ciwon zuciya, bai ba da amfanin da aka sa rai ba. Saboda haka duk mai tallar da ya zo kasuwa da lasifika yana cewa ƙwayarsa ko ruwan kwalbarsa yana wanke kitsen jini, kuɗin mutane yake nema.

ABIN DA KE KARYA ƘAFAR AMALANKE

Ko da babu ƙwaya, an san abubuwan da ke raunana HDL.

Na farko taba. Hayaƙin sigari yana rage HDL, yana kuma ɓata wanda ya rage. Yana ƙona bangon jijiya, yana sa jini saurin daskarewa. Shisha da samari ke zuƙa a fada ita ma taba ce. Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba a 2006. Wanda ya bari, HDL ɗinsa yana farfaɗowa cikin ƴan makonni. OMS ta ce bayan shekara 1 hatsarinsa na ciwon zuciya yana komawa kimanin rabin na mai sha.

Na biyu ciwon sukari. Sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa HDL ya hana shi aiki.

Na uku tumbi. Kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na sauran jiki hatsari. Jama'a na ganin tumbi alamar hutu ce da wadata. Ga zuciya kaya ne.

Na huɗu zama. Jikin da ba ya motsi, HDL ɗinsa yana raguwa.

Na biyar ciwon ƙoda, da duk ciwon da ke sa kumburi ya daɗe a jiki.

Giya tana ɗaga lambar HDL a takarda. Amma tana ɗaga tansiyo, tana cin hanta, tana raunana tsokar zuciya. Wannan ma shaida ce cewa lamba kaɗai ba abin dogaro ba ce.

DARASI DAGA RUGA

Makiyaya suna da tambaya. Kakanninsu sun rayu a kan nono da man shanu, kuma sun tsufa da ƙarfinsu. Yaya za a ce man shanu yana da illa?

Masana sun yi wannan tambaya su ma. A 2001 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a rugagen Fulani na tsaunukan Jos, a Najeriya. An tarar kusan rabin ƙarfin abincinsu daga mai yake fitowa, da yawansa kuma mai ne na dabba. Duk da haka kolesterol ɗin jininsu bai hau ba. Masu binciken sun danganta abin da yadda suke rayuwa. Suna tafiya mai nisa kullum bayan shanu. Jikinsu ba ƙiba. Abincin da suke ci bai wuce abin da jiki ke ƙonawa ba.

Darasin a fili yake. Makiyayin da ke bin garke daga safe zuwa yamma yana ƙone abin da ya ci. Amma in ya sayar da shanu, ya zauna gari, ya buɗe shago, ya sayi babur, kuma bai rage man shanu da tsire da shayi mai sukari ba, lissafi ya canza. Haka manomin da ke aiki tuƙuru wata 4 na damina, sa'an nan ya zauna gindin bishiya wata 8. Haka matar da a da take daka da ɗiban ruwa, yanzu injin niƙa da famfo sun hutar da ita. Hutun alheri ne. Sai dai jiki yana son a nema masa wani motsi.

MAN GYAƊA, MAN SHANU, MANJA

Ƙasar Matamai ƙasar gyaɗa ce. Dattawa ba su manta da zamanin SONARA ba, kamfanin da aka kafa a 1962 don sayen gyaɗa, da lokacin da masana'antar matsar mai ke aiki a garin. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 sun karya wannan ciniki. Amma mata ba su bar soya gyaɗa da matse mai da yin ƙuli-ƙuli ba. A wajen lafiyar zuciya, wannan mai na gida abin riƙewa ne.

Ga hanya mai sauƙi ta gane mai. Akwai wanda ke daskarewa in an ajiye shi, musamman lokacin ɗari: kitsen rago, kitsen sa, man shanu, manja. Akwai wanda ke zama ruwa: man gyaɗa, man riɗi. Mai daskarewa shi ke ɗaga LDL. A man shanu, kimanin kashi 2 cikin 3 irin wannan ne. A manja kimanin rabi. A man gyaɗa bai kai kashi 1 cikin 4 ba. Wanda ya rage mai daskarewa ya sa man gyaɗa a madadinsa, LDL ɗinsa yana sauka.

Sai dai a kula da abu uku. Man gyaɗa ma mai ne, in ya yi yawa yana kawo ƙiba. Man da aka yi ta soya ƙosai da fanke a cikinsa har ya yi baƙi ya lalace, a zubar. Gyaɗar da ta yi funfuna kuma tana da dafin da ke cutar hanta, a tsince ta kafin a kai niƙa.

Wake abokin zuciya ne. Yana riƙe wani sashe na ruwan matsarmama a hanji ya fita da shi, hanta kuma ta jawo kolesterol daga jini don ta yi sabo. Gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da burodi da taliya. Zogale, rama, kuka, kuɓewa, yakuwa, kabeji, tumatir da albasa na lambunan kwari, duk abin nema ne. OMS ta ce babba ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Ta kuma ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen miya na kanti yawancinsa gishiri ne, a sa shi cikin lissafi. Ƙasar da ke noma rake ta san daɗin zaƙi. Amma shayi zagaye 3 da sukari cike da hannu, sau da yawa a yini, hanya ce ta tumbi da ciwon sukari.

Wannan gargaɗi na manya ne. Yara ƙanana, da mata masu ciki, da masu shayarwa, da duk wanda ya rame, suna bukatar mai da nono da ƙwai. Kada uwa ta cire mai daga kunun yaro don ta ji an ce kitse yana da illa. Abin da ke barazana ga yaro tamowa ce, ba kolesterol ba.

YADDA AKE KARANTA TAKARDAR AWO

Ɗakunan awo na Nijar galibi suna rubuta sakamako da giram a cikin lita. Wanda ya koyi karatu da lissafi yana iya duba tasa.

Kolesterol gaba ɗaya, an fi so ya kasance ƙasa da 2.

HDL, in ya yi ƙasa da 0,40 ga namiji, ko ƙasa da 0,50 ga mace, ana cewa ya yi kaɗan. Wannan kamar hayaƙi ne da ke nuna wuta. Sai a duba tumbi, da taba, da sukari.

HDL mai yawa ba laya ba ne. Ba ya goge laifin LDL, ba ya goge laifin taba ko na tansiyo.

LDL shi ne wanda aka tabbata rage shi yana ceton rai. Iyakar da ta dace da kowa ta danganta da shekarunsa da sauran ciwonsa. Lokotoro ne zai faɗa. Akwai magungunan rage shi da ake kira statin, waɗanda aka gwada a kan dubban mutane aka ga sun rage toshewar jijiya da mutuwa. Da takardar likita ake sayensu, a farmasi. Wanda aka ɗora a kai kada ya bari don ya ji sauƙi.

Tansiyo in ya kai 14 bisa 9, kuma aka sake awo wata rana aka same shi haka, hawan jini ne. Sukarin jini kafin karin kumallo in ya kai 1,26 a awo biyu, ciwon sukari ne.

Awon tansiyo ba ya bukatar tafiya mai nisa. Majo yana yin sa a gidan likita na CSI cikin ƴan mintoci, ba allura, ba zafi. Asibitin gundumar Matamai da babban asibitin Damagaram suna nan ga wanda aka tura gaba. Hawan jini da yawan kolesterol ba sa ciwo, ba sa zazzaɓi. Mutum yana iya ɗauke da su shekara 10 yana noma yana dariya. Awo kaɗai ke tona su. Duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata ya miƙa hannu a auna shi ko sau 1 a shekara. Wanda iyayensa suka yi shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar farat ɗaya, ya fara tun kafin nan.

ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhun gero. Ciwon yana iya bin hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi. Zufa mai sanyi. Numfashi yana yankewa. Ga mata da masu ciwon sukari wani lokaci abin yana zuwa ne da kasala mai tsanani da tashin zuciya kawai.

Baki ya karkace. Hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta yi nauyi. Magana ta sarƙe.

In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota ko amalanke a nufi gidan likita a lokacin, ko da tsakar dare ne. Addu'a ana yin ta a hanya. Kada a tsaya ƙaho, ko turare, ko jiran gari ya waye. Kowace awa da ta wuce, wani yanki na zuciya ko na ƙwaƙwalwa yana mutuwa, kuma ba ya dawowa.

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI IYA

A bar taba, kowace iri.

A motsa jiki har da rani. OMS ta ce aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa a rana, kwana 5. Aikin lambu, kai taki gona, sassabe, gyaran gawo, tafiya kasuwa a ƙafa, duk suna cikin lissafi.

A rage kitse da manja, a koma man gyaɗa daidai gwargwado.

A ƙara wake da ganye, a rage gishiri da sukari.

A riƙa zuwa awon tansiyo, mai gida da uwar gida tare.

A guji maganin kasuwa, a riƙe wanda likita ya rubuta.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar sayar da akuya. Jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa tana iya cinye garke. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba. A kai wannan magana ajin yaƙi da jahilci, a kai ta fada, a kai ta bakin rijiya da taron ƙungiyar mata. Wanda ke da takardar awo ajiye a aljihu ya fito da ita, ya duba layin LDL, ya koma wurin likita ya yi tambaya. Allah ya ba da lafiya da damina mai albarka.